Keke mai giya ɗaya don motsa jiki: inda masu haɗa shi ke yin tuntuɓe

Duk wanda ya kalli keke mai giya ɗaya sai ya ɗauka haɗa shi wasan yara ne. Faranti mai haƙora a gaba, ƙarami a baya, sarƙa ta haɗa su, shi ke nan. To a nan gizo ke saƙar. Keke mai giya da yawa yana rufa wa mai shi asiri, in tudu ya yi tsauri sai ya sauya. Wannan kuwa abin da ka ɗaura shi za ka taka, ko a hawa ko a gangara.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi cin gwiwa, shi ne zaɓen giya mai nauyi. Mutum yana ganin tunda motsa jiki ya fito yi, gara ya sha wuya, sai ya sa faranti mai haƙora 52 a gaba da mai 14 a baya. Raba na gaba da na baya ka gani: kowane zagayen feda, wilin baya zai juya sau 3.7, wato kusan mita 8 a kan taya mai lamba 700 (girman tayar keken tsere). Kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ma da ƙyar zai riƙa juya ƙafa sau 50 ko 60 a minti, in ya zo tudu sai dai ya miƙe tsaye yana danna feda kamar mai kirɓa sakwara. Zuciya da huhu ba su samu aikin da ake nema ba, gwiwa ce ta ɗauki kayan. Abin da ake so shi ne ƙafa ta riƙa juyawa sau 80 zuwa 90 a minti. Da 44 a gaba da 16 a baya, zagaye ɗaya yana ba ka kusan mita 5.8, in kana yin 85 a minti kana gudun sama da kilomita 29 a awa, kuma wannan ba ƙaramin gudu ba ne. Inda tuddai suka yi yawa, 42 da 16 ko 44 da 17 sun fi. Ni dai a ganina mai farawa ya fara da wadda yake jin ta yi masa sauƙi, kunyar a ce giyarsa ta yara ce ba ta kai ciwon gwiwa ba. In ƙarfi ya zo, a baya ake gyara: rage haƙori ɗaya a can ya kai ƙara kusan uku a gaba.

Sai sarƙa. Wasu kan ja ta har ta yi tauri kamar tsirkiyar baka, wai don kada ta faɗi. Sarƙa mai tauri tana cinye boris, tana cinye haƙora, tana kuma sa feda nauyi. A bar mata ɗan wasa, ta iya motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya a tsakiyarta. Amma kada a auna a wuri ɗaya. Farantin gaba da wuya ya zama da'ira cif, don haka a juya feda a hankali a nemo inda sarƙar ta fi tauri, a can za a daidaita ta. In kuma tana faɗuwa duk da haka, a duba miƙewarta: a tsaya ta baya a hango, farantin gaba da na baya su kasance kan layi ɗaya. Masu mayar da tsohon keke mai giya da yawa zuwa giya ɗaya su suka fi faɗawa wannan, maganinsa kuwa 'yan zobban da ake jerawa a gefen ƙaramin farantin har ya zo daidai. Faɗin sarƙa ma iri biyu ne, 1/8 da 3/32 na inci. Mai faɗin tana hawa kan siraran haƙora, siririyar ba ta shiga masu kauri.

Kafin a sayi firam a leƙa ramin da aksil ɗin baya ke zama. In a kwance yake, ana iya tura wili gaba ko baya a ja sarƙa. In a tsaye yake, yawanci sai da ɗan ƙarfen nan mai gargare da ke danne sarƙa. Shi kuma wannan da firiwil kaɗai yake aiki, wato farantin baya da ke barin feda ta huta wili na juyawa. Kada a kuskura a sa shi a keken da fedarsa ba ta hutawa, wanda muddin wili na juyawa ita ma tana juyawa, domin da zarar ka tauye feda zai karye ko ya jefar da sarƙa. Irin wannan keken yana kuma buƙatar zoben kulle mai zaren hagu a bayan ƙaramin farantin, in babu shi farantin zai kwance. A kula da yatsu wajen goge sarƙarsa, ba ta tsayawa don ta kama hannu.

Cire birki don keke ya yi kyan gani wauta ce. Mai firiwil birki biyu yake so, gaba da baya. Wanda fedarsa ba ta hutawa ma a bar masa na gaba, shi ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa.

Sirdi a ƙasa wani mai cin gwiwa ne da ba a cika zarginsa ba. Zauna, ɗora diddige kan feda tana can ƙasa: ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, haka ake so. Ciwo a gaban gwiwa yawanci alama ce sirdi ya yi ƙasa, a bayanta kuma ya yi sama. A riƙa gyarawa da 'yan milimitoci, ba da taƙi guda ba.

Wajen ƙara wa keke kaya, ido kan ruɗi mutane su fara da abin ƙyalli. Taya mai kyau ita ce ta fi sauya yadda keke ke tafiya, mai faɗin milimita 28 in firam zai ɗauka, kuma ba sai an cika ta da iska har ta koma dutse ba. Daga ita sai robar birki, sai feda mai riƙe ƙafa. Wajen ɗaura feda a tuna ta hagu zarenta a juye yake, hagu ake murɗa ta ta ɗauru. A shafa giris a zaren, a fara da hannu, sai ta shiga lafiya sannan a kawo sifana.