Yadda ake auna mai binciken lafiya kafin a nemi aiki tare da shi

Ɗaliban digiri na biyu da ke zuwa wurina a ɗakin karatu suna neman wanda za su haɗa bincike da shi, kusan duk abu ɗaya suke fara nuna mini: ma'aunin h da ke shafin mutumin a Google Scholar, manhajar Google ta neman takardun bincike. Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ne ya ɓullo da shi a 2005. Idan an ce mutum yana da 20, to takardunsa 20 ne aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Duba shi, amma kada ka tsaya nan, domin shekaru ne ke tara lambar. Dattijo kan fi matashi ko da matashin ya fi shi kaifi.

Fara da tabbatar da cewa mutumin ne. Sunaye na yin kama, don haka nemi lambarsa ta ORCID, wato lambar shaida da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, sannan ka buga sunansa a PubMed, rumbun takardun binciken lafiya na intanet, ka zaɓi takardu biyar na baya-bayan nan. Ka lura da inda sunansa ya faɗo. A al'adar mujallun lafiya, na farko shi ya fi shan wahalar aikin, na ƙarshe kuma galibi shi ne jagora. Wanda kullum yake tsakiyar mutum talatin, sai ka ƙara bincike.

Abin da na fi so ɗalibi ya tambaya shi ne: aikin nan ya shiga ɗakin duba marasa lafiya? A fagen amosanin gaɓɓai, wanda guringuntsi ke zaizayewa har gwiwa ta hana mutum durƙuso, misalan a fili suke. Kellgren da Lawrence sun fitar da matakai daga 0 zuwa 4 na karanta hoton ƙashi a 1957, har gobe da su ake aiki. Nicholas Bellamy da abokan aikinsa a Kanada sun samar da WOMAC, tambayoyi 24 kan zafi da sanƙarewa da ayyukan yau da kullum. Ewa Roos da Søren Skou kuma sun fara shirin GLA:D a Denmak a 2013, na ilimantar da majiyyaci da motsa jiki, ƙasashe irin su Kanada da Ostareliya suka ɗauka. Idan masu gashin ƙashi suna amfani da abin da mutum ya gano, wannan ya fi mini kowace lamba.

Sannan ka duba dalilin ambaton, don ba kowane ambato ne yabo ba. Takardar Andrew Wakefield ta 1998 a mujallar Lancet, kan yara 12 kacal, ta jawo zargin cewa rigakafin ƙyanda na haddasa galahanga. An ambace ta fiye da sau dubu. Amma tun 2004 goma daga cikin marubutanta 13 suka janye hannunsu daga wannan fassarar, mujallar ta soke ta a 2010, kuma binciken da aka yi kan yara 657,461 a Denmak, wanda ya fito a 2019, bai ga wata alaƙa ba. Iyaye da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu rigakafi saboda ita, abin da har yanzu yake ci mini rai. PubMed na sa alama a kan takardar da aka soke, shafin intanet na Retraction Watch kuma na bibiyar irinsu.

Haɗin gwiwa kuwa, maimaituwa nake dubawa. Muideen Bakare na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Inugu da Kerim Munir na asibitin yara na Boston sun yi shekaru suna rubutu tare kan galahanga a Afirka, kuma sunan Bakare ne a gaba a takardunsu na 2011. Duba ko abokan aikin mutumin na Afirka suna samun wannan gurbi, ko kuwa tattara bayanai kawai ake sa su a yi musu godiya a ƙarshe.

In ka gamsu, rubuta masa gajeriyar wasiƙa. Ambaci takardarsa ɗaya da ka karanta da gaske, faɗi irin majiyyatan da kake gani da ko ka samu izinin kwamitin ɗa'a, sannan ku daidaita jerin sunaye tun kafin a fara aiki.