Yadda Ake Zaɓen Gora da Kwalekwale Daidai Nauyin Jiki da Gwanintar Mai Shiga Ruwa

Gora da kwalekwale su ne abubuwan hawa biyu da masuncin ƙasar Kabi ya gada kaka da kakanni, kuma duk wanda ya kalli babban su, wato bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, zai lura cewa gorunan da masunta ke rugawa da su cikin gulbin Matan Fada ba girmansu ɗaya ba. Tsofaffin hannu sukan gane wanda ya dace da su da kallo ɗaya, amma saurayin da ke koyo, ko baƙon da ya zo daga garin da babu gulbi, yakan saya da ka, ko ya kwaikwayi na gwanin da ya burge shi. Abin da ya fi masa shi ne ya auna, domin ɗaukar kaya a kan ruwa lissafi ne da ba ya canzawa, kuma ana iya yin sa da tef ɗin tela da jarka.

Tushen lissafin shi ne lita ɗaya ta ruwan gulbi nauyinta kilo ɗaya ne, kuma duk abin da ke kan ruwa yana nutsewa ne har sai ya ture ruwan da ya kai nauyinsa tare da na abin da aka ɗora masa. Saboda haka gora mai cin lita 50 ba zai taɓa ɗaukar fiye da kilo 50 ba, har da nauyin kansa, kuma idan ya kai wannan iyaka bakinsa ya riga ya yi daidai da ruwa. Masu hawan igiyar teku da allo, irin waɗanda ake gani a Tarkwa Bay ta Legas, da wannan ƙa'ida suke sayen allunansu, shi ya sa ake rubuta yawan lita a jikin allon: mai koyo yakan ɗauki wanda litocinsa suka kusa kai kilon jikinsa, gwani kuwa yakan wadatu da abin da bai kai rabin haka ba, har mutum mai kilo 70 ya hau allo mai lita 28. Hikimar da ke ciki ta shafe mu kai tsaye, domin tana nuna cewa nauyin jiki shi kaɗai ba ya yanke girman abin hawa, sai an haɗa da gwanintar mai hawan.

A fara da gora. Masunci yana kifa cikinsa ne a kan bakin goran, ƙafafunsa da ƙugunsa suna cikin ruwa, kuma ruwan ne ke ɗauke da wannan sashe na jiki, tunda jikin mutum da ruwa kusan nauyinsu ɗaya. Abin da ya rage a wuyan gora shi ne kai da kafaɗu da ƙirji, da homa, wato ragar kamun kifi ta hannu, da kifin da aka zuba a ciki. A nawa lissafin, a ɗauka rabin nauyin jiki ne ke kan goran, sannan a bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na goran a saman ruwa. Mutum mai kilo 65 zai ɗora wa gora kilo 32 ko 33, wanda ke nufin yana bukatar mai cin lita 50 ko kusa da haka. Idan mai koyo ne ya ƙara lita 10, domin shi yana ɗaga kai da ƙirji sama saboda fargaba, kuma duk gaɓar da ta fito daga ruwa nauyinta ya koma kan gora. Gwanin da ya saba kwantar da jiki, wanda ke barin gora ya nutsa ya dawo, yana iya sauka zuwa lita 35 ko 40, ya sami saurin juyawa a cikin cunkoso.

Auna cikin gora ba shi da wuya. Hanya mafi tabbas ita ce a cika shi da ƙaiƙayi ko gero ana ƙirgawa da bokitin fenti mai lita 20, wanda ya fi a ɗura masa ruwa ya jiƙe ta ciki. A kasuwa, inda mai kaya ba zai yarda da wannan ba, sai a zagaya tef ɗin tela a inda goran ya fi faɗi. Gora mai siffar ƙwallo da kewayensa ya kai santimita 125 yana cin kimanin lita 33, mai santimita 140 yana cin lita 46, wanda ya cinye tef ɗin gaba ɗaya, wato santimita 150, yana cin lita 57. Idan goran mai ɗan taushewa ne daga sama, a rage wani abu daga wannan adadi. A lura da yadda ƙarin santimita 15 kacal a kewaye ya kawo ƙarin lita 13, abin da ido ba ya iya kamawa, kuma shi ke sa goruna biyu da ake gani kamar tagwaye su sha bamban da zarar an hau su.

Girma ma yana da iyakarsa, kuma a nan ne iyaye da yawa ke kuskure, suna saya wa yaro ƙaton gora da tunanin ya fi aminci. Goran da ya fi ƙarfin mai shi yana ɗaga shi sama da ruwa, hannuwansa ba sa kaiwa su yi tuƙi sosai, iska tana kora shi, kuma da ya karkata kaɗan sai goran ya mirgine ya kuɓuce daga ƙarƙashinsa. Gwajin da ya dace shi ne mutum ya kwanta a kai a ruwan da bai wuce ƙugu ba: idan gwiwar hannunsa tana taɓa ruwa ba tare da ya miƙa ba, kuma haɓarsa ta yi nesa da ruwa da taƙi guda, girman ya yi. Bakin goran kuma dole ya zama wanda ciki zai rufe ruf, domin siririn mutum a kan gora mai faffaɗan baki ruwa zai riƙa shigar masa ta gefe duk lokacin da igiya ta bugo. A ƙwanƙwasa jikinsa a ji amo mai ƙarfi, a ɗaga bakin zuwa rana a leƙa ko haske na shigowa ta hudar ƙwaro, a kuma guji wanda aka ɗinke tsagarsa a ƙasa, ko da ɗinkin ya yi kyau.

Kowane kilo na tarwaɗa ko karfasa da aka jefa cikin gora ya ci lita ɗaya daga abin da ke riƙe da masunci, don haka wanda ke niyyar tara kilo 10 ya sa wannan a lissafi tun farko. Babban kifi kuwa ba ya cikin wannan lissafi. Kifi irin mai kilo 75 da ya ci gasar Argungu a 2005 ba ya shiga gora ko ta halin ƙaƙa, ɗaure shi ake yi a ja shi, kuma muddin yana cikin ruwa nauyinsa ba ya danne masunci, ƙarfin fizgarsa ne abin tsoro. Jarkar da wasu matasa ke amfani da ita maimakon gora tana ɗaukar kilo 24 ko ƙasa da haka idan mai lita 25 ce kuma murfinta ya toshe sosai, wanda bai ishi baligi mai koyo ba, ballantana ma ba ta da wurin zuba kifi.

Kwalekwale yana bin ƙa'ida ɗaya, sai dai a nan mutum gaba ɗayansa yana saman ruwa, don haka duk kilonsa ana ƙirga shi. Ana ninka tsawo da faɗi da zurfi, sannan a ɗauki abin da ya ɗara rabi kaɗan, saboda goshi da gindin jirgi tsukakku ne. Misali, jirgi mai tsawon mita 5, faɗin santimita 70 da zurfin santimita 35 zai ba da lita 1,225, wanda idan aka rage ya dawo kimanin lita 670. Wannan adadi shi ne inda ruwa ke fara shiga ta baki, don haka ba a kusantarsa. Rabinsa ake aiki da shi, a cire nauyin jirgin kansa, wanda idan kilo 120 ne ya bar kilo 215 na mutane da kaya, wato masunta biyu da tarunsu jiƙaƙƙe da kamun yini. Buhun masara ɗaya mai kilo 100 ya riga ya cinye kusan rabin wannan.

Da yake siffar jirage ta bambanta, kuma sassaƙaƙƙen jirgin maɗaci ya fi na katako mai girmansa nauyi, gwaji a bakin gulbi ya fi lissafin takarda. A sa jirgin a ruwa marar zurfi, a riƙa jera jarkoki cike da ruwa a tsakiyarsa, kowace kilo 25, har sai abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi ya zama taƙi guda, kimanin santimita 20. A ja layin fenti a nan, ciki da waje, a rubuta adadin jarkokin a goshi. Daga ranar, duk lodin da ya nutsar da layin ya yi yawa, ko wane ne ya roƙa a ƙara. Jirgin da ya tarwatse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ɗauke da fasinjoji fiye da 150, wanda hukumomi suka danganta da lodi fiye da kima, babban jirgi ne, amma ƙa'idar da aka take a can ita ce ake takewa kullum a ƙananan jirage.

Game da siffa, mai koyo ya fifita faɗi a kan tsawo. Jirgi mai faɗin santimita 80 zuwa 90 da shimfiɗaɗɗen ƙasa yana yafe kuskuren taka gefe, alhali dogon siriri irin na tseren kabanci, wato wasannin ruwa na bikin Argungu, ko Rigatar Yauri yana da gudu da miƙewa, amma sai wanda ƙugunsa ya san rawar jirgi. Dogon mutum, da wanda zai tsaya yana jefa ragar birgi ko yana tura jirgi da gwangwala, su ma faɗi suke bukata fiye da gajere mai zama da filafilin tuƙi, domin tsayuwa tana ɗaga nauyi sama. A tafi da ƙwaryar kwarfe ruwa koyaushe: ruwa mai zurfin santimita 2 a ƙasan jirgin da shimfiɗarsa ta kai murabba'in mita 3 kilo 60 ne, kuma ya fi fasinja mai wannan nauyi haɗari, saboda yana kwarara zuwa duk gefen da jirgi ya karkata.

Irin ruwan da za a shiga shi ne ma'auni na ƙarshe. Abin da ya wadatar a fadamun Argungu da Birnin Kebbi da rani, lokacin da ruwa ya ja, ba zai wadatar ba a watan Agusta da Satumba, musamman idan an saki ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori. A Yauri da Ngaski kuma, inda kogin Kwara ya buɗe ya zama tafkin Kainji tun kammala madatsar a 1968, iskar hadari tana tayar da igiya cikin ɗan lokaci, ga kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa. Mai aiki a can ya ɗauki jirgi mai zurfi da ɗagaggen goshi, ya bar taƙi ɗaya da rabi a saman ruwa maimakon ɗaya, gora kuwa ya bar shi ga bakin gaɓa da tafkunan fadama. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare kuma ta wajabta rigar kariya, wadda ita ma ana zaɓenta ne da kilon jikin da aka rubuta a cikinta, don haka ta babba ba ta yi wa yaro, zarewa take ta kansa da zarar ya faɗa ruwa. Wanda bai iya iyo ba ya fara koyon iyo a gaban babba kafin ya hau gora, kuma yaro mai tasowa a sake auna shi da goransa duk shekara kafin a buɗe lokacin kamun kifi.