Kurakuran da aka fi yi wajen ba kare da kyanwa magungunan ƙarfafa hanta

Kuskuren da ya fi damuna shi ne sayen magani kafin a san cuta. Kare ya rage cin abinci, ya rame, farin idonsa da dasashinsa sun yi rawaya, sai mai shi ya ce ai hanta ce, ya nemo kwalbar da aka rubuta lafiyar hanta a jikinta. Alhali ciwon shawara, wato wannan rawayar, alama ce kawai. Tana iya fitowa daga hantar kanta, ko daga toshewar hanyar ruwan matsarmama, ko daga cutar da kaska ke sa wa kare mai farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Akwai kuma leftosfirosis, wadda ake ɗauka a ruwan da fitsarin ɓera ya gurɓata, kuma tana kama mutum ma. Kowacce da maganinta, kuma kwalbar nan ba ta warkar da ko ɗaya. A fara kai dabba wurin likitan dabbobi a gwada jini, a duba ALT da ALP da bilirubin, wato sinadaran jini da ake aunawa don sanin halin hanta, in da buƙata a yi hoton ciki.

Ko sakamakon ya fito ma, kada a firgita. ALP na hawa a jikin karen da ke shan furednisolon ko fenobabital na farfaɗiya, haka ma ɗan kwikwiyon da ƙashinsa ke girma. Likita ne zai haɗa lambar da tarihin dabbar.

Abubuwa biyu aka fi samu a magungunan ƙarfafa hanta. Na farko SAMe, wanda ke taimaka wa hanta ta samar da gulutatayon, sinadarin da take kare kanta da shi daga guba. Na biyu silimarin, da ake cirowa daga irin wata ƙaya mai fure ruwan hoda. Denamarin, alal misali, haɗin SAMe ne da silibin, wato ɓangaren silimarin mafi ƙarfi. Tallafi suke yi wa hanta yayin da ake maganin ainihin ciwon.

A wajen bayarwa ne ake asarar kuɗi ba a sani ba. Kare ya ƙi haɗiye ƙwaya, sai a ɗora ta kan faranti a murƙushe da bayan cokali, a barbaɗa a abinci, a ga ya lashe tas, a ji daɗi. To an ɓata ta. Yawancin ƙwayoyin SAMe suna da rufi na musamman don su wuce tumbi ba su narke ba sai sun isa hanji. Da zarar an fasa, ruwan tumbi ya lalata mafi yawan maganin. Abinci kuma yana rage shigarsa jini. Don haka a bayar da ita sukutum, da safe ciki babu komai, a jira kamar awa 1 kafin a ba da abinci. In dabbar ta ƙi, ɗan abin da zai lulluɓe ƙwayar ya isa. Kuma a bar ta cikin ledarta har lokacin bayarwa, domin danshi na kashe ta. Ma'aunin da aka saba yana wajen miligiram 20 ga kowane kilo, shi ya sa ake yin ƙwayoyin girma-girma. A auna nauyin dabbar a sayi wadda ta dace, maimakon raba babba gida biyu.

Kyanwa kuwa, bayan ta haɗiye a bi ta da ɗan ruwa, kamar mililita 5 a sirinji marar allura, ta gefen baki a hankali. Busasshiyar ƙwaya na iya maƙale mata a maƙoshi ta yi mata gyambo.

Wasu na ganin mai ciwon hanta a ba shi hanta ya ci. Da kyakkyawar niyya ake yi, amma hantar sa da ta rago cike suke da jan ƙarfe da bitamin A. Karnuka irin su Bedlington da Labrador da Doberman suna fama da taruwar jan ƙarfe a hanta, ka ga an ƙara musu ciwo ke nan. Kyanwar da aka ɗora a kan hanta kullum kuwa, bitamin A na taruwa har ƙasusuwan wuyanta su sandare ta kasa lasar jikinta.

Kayan mutane ma haɗari ne. Wasu magungunan tauna da na ruwa suna ɗauke da zailitol, mai zaƙin da ke faɗar da sukarin jinin kare cikin ɗan lokaci, ya kuma iya kashe hantarsa. Farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta da isasshen abin sarrafa shi. Duk abin da za a bayar, a ɗauki kwalinsa a nuna wa likita tukuna.

Sai batun da nake roƙon masu kyanwa su riƙe. In kyanwa, musamman mai ƙiba, ta daina ci kwana 2 zuwa 3, jikinta na kwaso kitse ya tara a hanta har ta kasa aiki. A wannan hali abinci ne magani. Sau da yawa sai an sa mata bututun ciyarwa na makonni, kuma da yawansu suna warkewa in an yi da wuri. Tsayawa ana ɗura mata ƙwayar ƙarfafa hanta a gida alhali ba ta ci, ɓata kwanakin da suka fi tsada ne.

Haka rage nama da ƙwai, shi ma kuskure ne. Hanta na buƙatar furotin don ta gyara kanta. Ana rage shi ne idan guba ta fara taɓa ƙwaƙwalwa, ka ga kare na zagaye, yana dafa kansa a bango, ko kyanwa na dalalar da miyau.

Bayan an fara magani, a nemi likita ya sa ranar sake gwajin jini, galibi bayan wasu makonni, a riƙa rubuta nauyin dabbar da yadda take ci, a tafi masa da takardar.