Kai Iyali Kumasi Da Tamale A Hunturu: Kurakuran Da Na Gaji Da Gani

Kowace shekara, da zarar Disamba ta kama aka fara maganar hutun makaranta, sai wani a Nima ko Mamobi, unguwanninmu na Accra a Ghana, ya tare ni bayan sallar isha'i: "Malam, bana ni ma zan kai yara Kumasi da Tamale, mu leƙa gandun dajin Mole su ga giwa. Kwana biyar ai ya isa ko?" Bai isa ba. Sau huɗu na yi wannan tafiya da iyalina daga Accra, ta farkon kuma har yau idan na tuna ta raina yakan ɓaci. Shi ya sa na zauna in rubuta, don na gaji da maimaita magana ɗaya a ƙofar masallaci.

Babban kuskuren shi ne mutum ya ƙirga garuruwa, ya manta da hanya. Accra zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ne, a takarda kamar ba komai, amma a makon Kirsimeti sai ka yi awa shida ko fiye, domin fita daga Accra kaɗai aiki ne, shiga Kumasi ta Ejisu ma wani aikin. Kumasi zuwa Tamale kuwa ya kusa kilomita 400, ta Techiman da Kintampo da Buipe. Daga Tamale zuwa Mole akwai wani wajen kilomita 140 ta Damongo. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan yini ce guda idan da yara, ba rabin yini ba.

Ni a tafiyata ta farko wayo na so in yi. Na ce mu hau motar dare daga Kumasi, mu wayi gari a Tamale, mu yi shatar ƙaramar mota mu wuce Mole, mu dawo a ranar, kuɗin kwana biyu ya huta. Uwargida ta ce, "Maigida, yaran nan ba za su iya ba." Ban ji ba. Muka isa Tamale da asuba kowa a galabaice, ƙaramin ya yi amai sau biyu a hanya. Kafin mu yi salla, mu karya, mu daidaita da direba, rana ta ɗaga. Mun shiga Mole wajen ƙarfe goma sha ɗaya, alhali zagayen safe tun ƙarfe bakwai ake fita, kuma da safen ne aka fi dacewa da giwaye a bakin ruwa. Muka zauna cikin zafin rana har zagayen ƙarfe uku da rabi. Mun ga barewa, mun ga gadu, mun ga birai, giwa ko ɗaya ba mu gani ba. Ɗakin kwana ban kama ba tun daga gida, kuma babu sauran wuri. Muka juyo cikin duhu. Babban ɗana, wanda ya yi wata uku yana gaya wa abokansa zai ga giwa, ya kifa kai a cinyar uwarsa yana kuka har Damongo. Kuɗin shata ya tafi, kuɗin shiga ya tafi, abin da ya kai mu bai samu ba. Duk wanda ya ce min zai je Mole ya dawo a yini ɗaya da ƙananan yara, nakan gaya masa a fuskarsa cewa ba yaran yake wa tafiyar ba, lissafin aljihunsa yake yi wa.

Yanzu ba na fita sai ina da kwana goma. Ranar hanya ranar hanya ce, ba na ɗora mata komai. Kwana uku a Kumasi, kwana ɗaya na hutu a Tamale kafin daji, kwana biyu a Mole domin a samu safiya biyu, idan ta farko ba ta yi ba ta biyu ta yi. Da rani ruwa yana janyewa a dajin, dabbobi su taru a 'yan tafkunan da suka rage, shi ya sa hunturu ya fi damina kyau. Motar dare da yara kuwa na bar ta har abada. Wasu suna yi suna kuma sauka lafiya, ni dai a'a.

Kuskure na biyu, wanda ya fi na farko tsada, shi ne raina hunturun arewa. Mu mutanen Accra abin da muke kira sanyi ɗan hazo ne na 'yan kwanaki, ga teku kusa, iska da danshinta. A Tamale wani abu ne daban. Da rana zafi ya gasa ka, da asuba ɗari ya shiga ƙashi, iska kuma a bushe take ƙayau, ɗauke da ƙura. Leɓe ya fashe, ƙafa ta yi faso, yaro ya tashi da haɓo. A tafiyarmu ta biyu 'yata mai shekara shida, wadda dama takan yi fama da ƙirji, ta kwana da 'yar riga marar hannu kamar yadda ta saba a gida. Tsakar dare numfashinta ya fara fita da ƙara. Maganin shaƙarta yana Nima a kan tebur, katin inshorar lafiyarta yana Nima a cikin akwati. Baƙo a gari, ƙarfe biyun dare, ina tsaye a titi ina neman keke mai ƙafa uku ya kai mu asibiti. Kwana biyu muka yi a can. Allah ya kiyaye, amma laifin nawa ne, kuma ba na son wani uba ya tsaya inda na tsaya a daren nan.

Haba jama'a! Mutum ya cika jaka da shaddoji da atamfofin ɗaukar hoto, ya kasa sa rigar sanyi ɗaya da safa ga kowane yaro? Ni abin da nake fara sawa a jaka ke nan, sai magungunan gida, sai katin inshora. Man kaɗe ba na ɗauka daga Accra, a kasuwar Tamale nake saye, can ne gidansa, a shafa wa yara safe da dare har cikin hanci. Ruwan wanka a ɗumama. Ruwan sha kuma a tilasta musu, domin a hunturu yaro ba ya jin ƙishirwa alhali jikinsa yana bushewa. Gidan sauro ma ina tafiya da shi, rani bai kashe sauro duka ba.

Sai maganar Kumasi, wadda zan faɗa ko da za a ji haushina. Kowane ɗan zongon Accra yana da goggo a Aboabo ko kawu a Asawase, kuma zumunci wajibi ne. Amma idan ba ka tsara ba, kwana ukun nan za su ƙare daga wannan zaure zuwa wancan, yara suna zaune a tabarma suna hamma. Ni yini guda nake ware wa gaisuwa, in fara da mafi girma, in kai tsaraba, in ce, "Goggo, gobe zan fita da jikokinki su ga gari." Ba ta taɓa hana ni ba. Washegari gidan tarihi na fadar Manhyia, inda Asantehene, wato sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu yake sarauta tun 1999. Idan tafiyar ta dace da Akwasidae, bikin gargajiya na fadar wanda ake yi ranar Lahadi duk bayan mako shida, kada a bari ya wuce. Rana ta uku tafkin Bosomtwe, wajen kilomita 30 daga gari, a fita da sassafe. Kasuwar Kejetia gab da Kirsimeti ba wurin ƙananan yara ba ce, a bar su a gida.

Tikitin dawowa a saye shi ranar da aka sauka, don bayan sabuwar shekara kowa Accra ya nufa. Mai niyyar jirgi daga Tamale ya bar kwana ɗaya rara, hazo yakan hana tashi. Kuɗi a hannu a riƙe, kada a dogara da momo, wato kuɗin waya, a cikin daji. Zagayen ƙafa a Mole da rufaffen takalmi ake yi, silifa ba ta shiga. Abinci kada a bar shi a hannun yaro a waje, birai na fizgewa. Masallacin ƙasa na Larabanga yana kan hanyar shiga Mole, a tsaya, amma a tambayi abin da ake bayarwa tun kafin a fara zagaye.

Salaga ce kaɗai nake roƙon kada a cusa ta a wannan tafiya. Garin da kakanninmu fatake suka riƙa zuwa daga Kano da Katsina sayen goro, garin da yaƙin 1892 ya watsa mutanensa har zongunan kudu suka cika, ba wurin da za a leƙa a awa biyu ba ne da yara masu gyangyaɗi. Ni sai a tafiya ta huɗu na kai nawa, bayan babban ya shiga sakandare, muka kwana, da safe wani dattijo ya zaga da mu tsofaffin rijiyoyin garin.