Yadda za ki zauna lafiya da 'yan ɗakinku a hostel

Ƙannena mata da kuka samu makaranta bana, musamman wacce ba ta taɓa kwana wani waje ba sai gidansu, wannan naku ne. Ko Amina Hall, masaukin ɗalibai mata na jami'ar ABU, aka tura ki a Samaru ko wata jami'ar ce daban, abin da za ki tarar kusan ɗaya ne, ɗaki ƙarami, gadaje masu hawa biyu, soket ɗaya ko biyu, ga mutanen da ba ki taɓa gani ba kuma da su za ki kwana ki tashi har ƙarshen shekara.

Babban abin da ke ɓata zaman ɗaki a wajenmu kawaici ne. A gida an koya mana in an miki abu ki haɗiye, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma a hostel abin da kika haɗiye shi ke komawa gaba. A ɗakinmu na shekarar farko akwai wata baiwar Allah da take tashi tun kafin asuba ta bi layin famfo, ta cika bokitinta ta tura ƙarƙashin gado ta tafi lakca, ta dawo da rana a gajiye ta tarar an yi wanka da ruwan an kife bokitin. Sau uku ana haka ba ta ce uffan ba, a na huɗu ta fashe da faɗa har maƙota suka taru, wacce take ɗiban ruwan kuma ta rantse ita ta ɗauka ba damuwa tunda ba a taɓa mata magana ba. Wallahi har muka gama simestan nan ba sa gaisawa, mu da muke tsakiya muka fi kowa shan wahala.

Don haka ki yi magana tun ranar farko da abu ya faru, cikin sanyin murya, ku biyu kawai. "Don Allah Anti in za ki ɗebi ruwana ki faɗa min, ko ki mayar kafin magariba." Shi ke nan fa. In ta girme ki a aji ki ba ta girmanta, ki ce mata Anti ko Yaya, amma maganar dai ki faɗe ta.

A satin farko kafin lakca ta yi zafi ku zauna duka ku raba shara da wankin ɗaki, ku rubuta a takarda ku manna bayan ƙofa. Ku yi maganar soket ma, don in aka kawo wuta kowa da caja a hannu take tasowa, wacce wayarta ta cika ta cire ta ba wata. Sai lokacin kashe ƙwai da dare, mai karatun dare ta nemi 'yar fitila ko ta tafi aji.

Abinci kuwa ki yi tayi, ki ce bismillah, dambun naman da Umma ta haɗo miki ki ɗan zuba wa kowa. Amma kar ki yi saurin haɗa tukunya da kowa, ki bari sai kin ga kamun ludayin mutum tukunna, don wata za ta kawo shinkafa da mai, wata cokali kawai za ta kawo, kuma raba tukunya ya fi haɗa ta ciwo. Ki sayi kwaɗo ki sa wa lokarki tun ranar da kika zo, in kika bari sai abu ya ɓata sannan kika sa, kowa zai ga kamar ita kike zargi. Bashi ma ki ba da abin da in bai dawo ba ba zai hana ki barci ba.

Ba mamaki a haɗa ki da wacce ba addininku ɗaya ba ko ba ta jin Hausa. In kin tashi asuba ko sahur ki kashe alam da wuri, ki haska fitilar waya maimakon kunna ƙwan ɗaki, ita ma in tana addu'arta ta safe ki rage surutu. Kuma don Allah kar ku dinga juya harshe kuna dariya tana zaune, ko ba da ita kuke ba za ta ɗauka da ita ake.

Kafin ki kawo ƙawarki skwatin, wato ta zauna a ɗakinku alhali ba a ba ta gado a ciki ba, ki tambayi 'yan ɗaki, kuma ki sani makarantu da yawa sun hana, haka ma hita da hotfilet saboda gobara, ki duba dokar taku.

In rigima ta faru kar ki hau sitatus ɗin WhatsApp kina habaici, kar kuma ki kai labarin ɗakinku ɗakin wasu. Ki same ta ita kaɗai, in bai yiwu ba ku sa babbar ɗakin a tsakani. In kuma maganar sata ce ko duka ko barazana, ki tafi wajen fota, wato ma'aikacin da ke tsaron ƙofar hostel, ko ofishin masu kula da hostel a ranar, ki nemi a rubuta ƙorafinki.