Kifi nawa za ka zuba a keji ɗaya?

Wani ƙanina ɗan Agege ya kira ni shekaranjiya, wai ya samu gurin keji, wato ragar kiwon kifi da ake kafawa cikin ruwa, a dam ɗin Oyan kusa da Abeokuta, yana so ya zuba karfasa dubu biyar a keji ɗaya don riba ta yi yawa, nace masa ƙanina tsaya tukuna, kifi ba buhun albasa bane da za ka danna a tirela zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas.

Lissafin daga ranar kwashewa ake faro shi. Auna tsawo da faɗi da zurfin ragar da ke cikin ruwa kawai, banda wadda ta leƙo sama. Keji mai mita 4 da 4, zurfi mita 2, mita kubik 32 kenan. Ni ga sabon shiga bana wuce kilo 25 a kowace mita kubik, toh in kana so kowace karfasa ta kai rabin kilo, guda 50 kenan a mita, gaba ɗaya 1,600, sai ka ƙara kamar 150 saboda waɗanda za su mutu a hanya. Shikenan.

Tarwaɗa ta fi jure cunkoso don tana leƙowa ta shaƙi iska, amma tana cin 'yan uwanta, in baka ware manya da ƙanana duk sati biyu tun suna yara, za ka ƙirga ka ga rabi babu.

Wanda zai faɗa maka gaskiya shine asuba. Da ka idar da sallah hau kwale-kwale ka je ka duba, lokacin ne iskar cikin ruwa ta fi ƙaranci, in ka tarar karfasa sun taru a sama suna buɗe baki suna haki, wallahi sun yi yawa ko gansakuka ta toshe ragar, ranar kar ka basu abinci da safe, goge ragar sannan ka rage su zuwa wani kejin. Ni haka na taɓa kwashe matattu cikin baho biyu a Epe, don rowar sayen keji na biyu.

Sannan ka tuna ruwan dam yana ja da baya da rani, ka bar aƙalla mita ɗaya tsakanin gindin keji da laka. Duk wata ka kamo guda 30 ka ɗora a sikeli, in girma ya tsaya alhali suna cin abinci, rage su.