Yadda za ka gane shagon odar kayan mota ya fara mutuwa kafin ka tura masa dalarka

Masu yin odar kayan ƙarin ƙarfin mota daga Amurka, irin su kafireta Holley, manifol ɗin Edelbrock, salansa Flowmaster, matatar iska K&N da sauransu, wannan naku ne. Shagon da ake tura wa kuɗi ya aiko da kaya ba kamar shagon bakin titi ba ne da za ka wuce ka ga an garƙame shi da kwaɗo ka san an tashi. Shafinsa na intanet yana nan yana ƙyalli, yana karɓar kati lafiya lau, alhali sito ba komai sai gizo-gizo, kuma sai kuɗinka ya fita sannan za ka gane.

Bari mu ɗauki JC Whitney don a gane yadda abin yake tafiya. Asalinsa wurin ƙarafan jari bola ne da Israel Warshawsky ya buɗe a Chicago a 1915, yana farfasa tsofaffin motoci yana sayar da abin da ke da sauran amfani. Ɗansa Roy ne ya shigo a 1934 ya mayar da harkar ta littafin kaya, a aika maka littafi ta gidan waya ka zauna a gida ka zaɓa, ka cike takarda ka haɗa da kuɗi ka aika, bayan makonni kaya ya iso. Shekaru da yawa samarin Amurka da wannan littafin suke mafarkin motar da ba su ma saya ba tukuna. A 1979 kamfanin ya shiga kotun fatara ya kuma fito, a 2002 iyalin suka sayar wa kamfanin zuba jari na Riverside, a 2010 US Auto Parts ya saye shi a kan dala miliyan 27.5, sannan a 2020 shi ma wanda ya saya ɗin ya canza suna zuwa CarParts.com, shagon Whitney ya narke a ciki. Ba cewa nake sun cuci kowa ba fa, a'a, abin lura shi ne suna yana iya daɗewa a duniya bayan shagon da ka sani ya tafi. Don haka kada ka ce ai tun zamanin babana ake oda a wurinsu, tambayar ita ce yau wa ke riƙe da shi, kuma akwai kaya a ƙasa?

Me ya karya irin waɗannan shaguna? Farashin littafi da zarar an buga shi ke nan ya zauna wata da watanni, ga kuɗin ɗab'i ga kuɗin gidan waya, sai ga intanet inda shagon kayan mota na RockAuto da ya fara a 1999 da eBay da Amazon suke canza farashi cikin minti ɗaya kuma mai saye yana iya gwada shago biyar kafin shayinsa ya huce. Motocin ma kansu sun canza. Da can kafireta ce, kowa da sifana zai kwance ya ɗaura wata a gareji, yanzu nozul ne da ƙwaƙwalwar kwamfuta, tun 1996 ma doka ta sa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin OBD-II na gano matsalar mota ta kwamfuta, ga dokar hayaƙi ta matsa musamman a California. Amma ba kowa ya faɗi ba, Summit Racing da JEGS dukansu a jihar Ohio suna nan suna kasuwa, saboda haka sana'ar ba ta mutu ba, wasu shagunan ne dai suka kasa bin zamani.

To yanzu ga yadda za ka auna shago. Fara da sito. Buɗe shafin ka duba kaya kamar goma waɗanda kowa ke nema kullum, filogi, matatar mai, gasket, kayan burki, ba wani abu mai wuyar samu ba. In ka ga yawancinsu an rubuta wai ana jiran isowarsu, ko ranar aikowa tana ta gusawa, jiya an ce mako biyu yau an ce mako shida, to ka yi hattara. Abin da ke faruwa a bayan fage yawanci shi ne masu ƙera kayan sun daina ba shi bashi, sai ya kawo kuɗi a hannu, shi kuma kuɗin da zai kai musu naka ne, wato da dalarka za a sayo kayan wanda ya yi oda watan jiya, kai kuma ka jira na bayanka.

Sai ka duba sunayen da ke shafin. Shago mai lafiya za ka ga manyan kamfanoni jere, Holley, Bilstein, Brembo, MSD. In suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya ana maye gurbinsu da kaya mara suna ko wani tambarin shagon da ba ka taɓa ji ba, wallahi alama ce babba. Hanya mafi sauƙi, je shafin wanda ya ƙera kayan ka nemi jerin dilolinsa, ko ka tura masa imel ka tambaya ko shago kaza dilansu ne har yanzu. Wannan yana da muhimmanci don garanti, wasu kamfanonin ba sa sauraronka in ba a hannun dilansu ka saya ba.

Daga nan ka kira su a waya. Mutane suna raina wannan amma ni a wurina ya fi duk sauran. Ka ba su shekara da samfurin motarka da girman inji, ka tambaya ko kaza zai hau ba tare da yanka ko walda ba. Shagon kayan gudu na gaske yana da mutumin da ya taɓa riƙe sifana, zai ce maka a'a Malam wannan manifol ɗin zai tokare murfin inji, ko ya ce sai ka canza famfon mai tukuna. In wanda ya ɗauka karanto maka abin da ke shafi kawai yake yi, ko ba a ma ɗauka sai na'ura ta yi ta maka kiɗa, ka san an sallami masana. Ka ƙara tambayarsa ɗaya, kayan yana sitonku ne yanzu ko daga wani wuri za a turo? Ra'ayin masu saye kuma ka karanta na watanni uku da suka wuce kawai, yabon shekara biyar baya ba zai kawo maka kaya ba, kuma ƙorafin da za ka fi sa wa ido shi ne na mayar da kuɗi.

In duk da haka sai a wurinsu kayan yake, to biyan kuɗin ne wurin dabara. Kar ka yi tiransifa ta banki, kar ka sayi katin kyauta na shagon, kar ka yarda a ce an ajiye maka kuɗinka ka sayi wani abu nan gaba, ranar da shago ya rufe wannan ajiyar takarda ce kawai. Yi amfani da kati ko PayPal. PayPal yana ba da kwana 180 daga ranar biya ka shigar da ƙorafi in kaya bai iso ba, kati kuma ka tambayi bankinka tun kafin ka biya kwana nawa suke bayarwa. Akwai kuma dokar FTC, hukumar kare masu saye ta Amurka, mai sayarwa dole ya aiko da kaya a lokacin da ya faɗa, in bai faɗi lokaci ba to cikin kwana 30, in ya kasa dole ya sanar da kai ya ba ka zaɓin fasawa ka karɓi kuɗinka. In suka turo wannan saƙon karo na biyu ka fasa kawai. Shagon da ke tangal-tangal salonsa ke nan, a yi ta ba ka haƙuri da daɗin baki har wa'adin ƙorafinka ya wuce. In kuma ka ji sun shiga kotun fatara, babi na 11 na dokar fatara ta Amurka yana nufin ana ƙoƙarin gyara ana ci gaba da kasuwa, babi na 7 kuwa gwanjo ne, kuma bankunan da ke bin su bashi suna gabanka a layi nesa ba kusa ba.

Wanda yake Kano ko Kaduna ko Maraɗi yana oda ta hannun ejan mai adireshi a Amurka, naka ya ɗan fi wuya, don a wurin shago kaya ya isa ne ranar da ya shiga hannun ejan, daga ranar ake ƙirga kwanakin mayarwa, kai kuma kwantena tana kan ruwa, kafin ta iso Legas ko Kwatano kwastam su gama nasu wa'adi ya ƙare tuni. Saboda haka ka roƙi ejan ya buɗe kwalin a can, ya ɗauki hoton lambar da ke jikin ƙarfen ba ta kwali kaɗai ba, ka nuna wa bakanikenka ku gwada da lambar kamfanin da ya ƙera da kuma lambar VIN ɗin motar, mai harafi da lamba 17 ɗin nan da ke gindin gilashin gaba ɓangaren direba. In an yi kuskure a mayar tun yana Amurka. Kuma ka riƙa adana lambar maƙera ba lambar shago ba, da ita za ka nemi kayan ko'ina in shagon ya ɓace.

Sai tallan da za ka gani a Facebook wai shago kaza zai rufe ana karyar da kaya, rangwamen kashi 80 ko 90. 'Yan damfara suna son sunan tsohon shago da ya mutu ko yake hanyar mutuwa saboda mutane sun san shi kuma ba mai tsaron sunan sosai. Kar ka danna tallan, rubuta adireshin shagon da hannunka, in rangwamen gaske ne za ka same shi a can.